Warin Fetur a Kafaɗar Hagu

Kurfi, 9 ga Satumba

Zuwa ga Baba Malam Sa'idu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya da duk mutanen gida, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Ɗiyarka Lauratu da yara suna gaishe ku.

Na san waya ba ta yi maka amfani tun da kunnen ya yi nauyi, shi ya sa na zauna na rubuta. Zan ba Bilya direba ya miƙo maka idan ya shigo Dutsin-Ma da lodin safe.

Baba, albishir. Jirgin saman nan ya yi tafiya da ƙafafunsa. Shekara tara ke nan tun ranar da na shimfiɗa zanensa a tabarmar zaurenka, ka ɗora tabarau ka ce mani, "Makanikin mota ne kai, amma ƙarfe bai san sunan sana'ar mutum ba." Shekaranjiya muka turo shi zuwa filin nan da aka baje mana bayan gari. Na shiga, na ja bel ɗin kujera, Khalil mai walda ya murza farfela. Bugu ɗaya injin motar Bitil ɗin nan da na sa mashi ya kama. Da na ƙara wuta sai na ji abin da na ƙera da hannuna yana jana. Sau huɗu na kai ƙarshen filin na dawo. A na huɗun wutsiyar ta ɗaga daga ƙasa, na ji jikin jirgin ya yi sakayau kamar ana roƙona in sake shi. Wallahi Baba sai da na ji tsigar jikina ta tashi. A Zariya na koyi tuƙi a jiragen da wasu suka ƙera, amma wannan daban ne. Kowace ƙusa na san ranar da na ɗaura ta.

Jami'in hukumar jiragen sama ya aiko cewa zai zo ranar ashirin da takwas ga wata ya yi dubawar ƙarshe, in ya gamsu ya ba ni izinin tashin gwaji. Jami'an tsaro ma sun san da maganar, sun amince da filin.

Abu ɗaya ne ya sa na ce bari in tambaye ka. Ina jin warin fetur a mazaunin matuƙi. Ba mai yawa ba ne. Idan jirgin yana tsaye babu komai, sai na fara gudu a fili yake zuwa, in na tsaya na fito kuma ya ɓace. Na bi bututun tun daga tankin da ke cikin fuffuke, ya sauko ta ginshiƙin hagu bayan kujeru biyun, ya zo famfon rufe mai, ya wuce kabireto. Ko ɗigo ban gani ba. Khalil ya ce hannuna ne, wai makaniki ko Makka ya je da warin fetur zai dawo. Ni ma na fi zaton haka. Amma kai ka yi shekara talatin da ɗaya kana gyaran jirage, bai kamata in ji abu in ɓoye maka ba.

A gaida Hajiya. Allah ya ƙara girma.

Naka,
Badamasi

Dutsin-Ma, 11 ga Satumba

Badamasi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da lafiyarku. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, ba ta kai ni ko'ina sai masallaci.

Na yi murna. Na karanta wurin da ka ce wutsiya ta ɗaga har sau uku, na kuma karanta wa Hajiya. Ita tambayarta ɗaya, wai in ya tashi ta ina za ka sauko.

Yanzu ka saurare ni. A jirgi babu ƙaramin warin fetur. Ko akwai, ko babu. Mota in ta kama wuta sai ka taka birki ka buɗe ƙofa. Kai a sama ina za ka fita?

Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba. Ina ɗan shekara ashirin da tara, wani matuƙi ya sauko da ƙaramin jirgi ya ce mana yana jin wari. Na duba sama-sama, na goge da tsumma, na ce mashi ɓarin cikawa ne, zai bushe. Washegari ya tashi. Minti goma sha biyu a sama wuta ta kama a ƙarƙashin ƙafafunsa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya saukar da shi a gonar wani. Bayan wata huɗu ya fito asibiti ya zo wurin aikinmu yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya miƙo mani hannu. Yatsu uku ne suka rage, su ma a naɗe. Murmushi ma ya yi mani. Har yau ina ganin hannun nan.

Ga abin da za ka yi, kada ka tsallake ko ɗaya.

Ka juye man duka. Ka rufe famfo, ka toshe murfin tanki da kyau. Ka ɗaura balan-balan ta yara a bakin bututun da tanki yake shaƙar iska. Ka hura iska da famfon keke a hankali har ta kumbura, kada ka matsa, tanki ba taya ba ne. Ka sa jirgin a inuwa, ka auna faɗinta da zare, ka bar ta daga hantsi zuwa la'asar. Tana nan a kumbure, ka bi kowane noti da kowace mahaɗa da kumfar sabulu. Inda iska take fita za ka ga ƙwayayen kumfa suna tasowa.

Bayan haka ka mayar da mai, ka barbaɗa hoda a kan duk mahaɗai, ka kunna inji. Fetur ɗin mota ba shi da launi, yana bushewa kafin ka juyo, amma yana barin sawu a kan hoda.

Na zana maka yadda ake ɗaura balan-balan a bayan takardar nan.

Ka gaida Lauratu da jikokina. Allah shi yi albarka.

Sa'idu

Kurfi, 17 ga Satumba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na samu saƙonka, kuma labarin da ka ba ni ya tsaya mani a rai. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Na yi duk abin da ka ce. Balan-balan ja na samu. Na auna ta da zare da hantsi, na dawo bayan azahar, na sake dawowa da la'asar sakaliya. Zaren nan bai ragu ko da faɗin farce ba. Na kwance murfin bayan kujera na bi noti goma sha ɗaya da kumfa, kowanne sau biyu. Shiru. Na yi na hodar ma, har Khalil yana cewa na mai da jirgin amarya. Na bar inji yana aiki minti ashirin ni ina tsaye a gefe ina haska fitila. Hoda fara fat, babu sawun komai.

Ban tsaya nan ba. Na canza tiyon robar da ke shiga kabireto duk da lafiyarsa lau. Na canza robar murfin tanki. Na toshe ƴan ramukan da wayoyi suke bi daga wajen inji zuwa ciki. Na wanke hannuna da omo har sau uku, na sa sabuwar riga, na sake gudu a fili. Sai ga shi ya dawo. Kaɗan, kamar an wuce da galan a nesa.

Baba, ka yi mani haƙuri da abin da zan faɗa. Tanki ya riƙe iska, bututu ya riƙe iska, hoda ba ta nuna komai ba. To me ya rage? Ina ganin iskar farfela ce take kwaso tururin da tanki yake fitarwa ta sama ta turo shi ta taga. In haka ne, babu haɗari. Jami'in nan wata biyar na yi ina jiran zuwansa. In na ce ya ɗaga, ban san ranar da zan sake samunsa ba. Garin nan kuma kowa ya ji. Ranar kasuwa mutane har daga ƙauyuka suke tsayawa bakin gareji suna tambayar yaushe ne. Akwai waɗanda shekara tara suna kirana mai jirgin kaji. Ba don su nake yi ba, amma ni ma mutum ne.

Shi jami'in a tsaye zai duba jirgin, kuma a tsaye babu wari. Ina neman albarkarka in bar ranar yadda take.

Naka mai biyayya,
Badamasi

Kurfi, 18 ga Satumba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ya jiki, ya ƙafar? A gaida Inna, a ce mata kukar da ta aiko ta iso.

Baban Hussaina bai san na rubuto ba. Na ga ya ba Bilya takarda jiya, na kuma san abin da ke cikinta, don kwana uku ke nan yana maimaita mani maganar iskar farfela kamar ni ce ke gardama da shi. Ni dai na ci gaba da aikina. Mutumin da ya yarda da magana ba ya ta nanata ta.

Baba, ni ban san inji ba, amma ni ke wanke mashi kaya. Inna ta san halin da nake ciki watannin nan, ka tambaye ta. Hancina ya zama abin tsoro. Daddawar maƙwabta ina jin ta ta bayan katanga, in aka soya manja a layinmu sai na fita tsakar gida. To shekara goma sha ɗaya ina wanke kayan gareji, na san warinsu. Baƙin mai ne da fetur da zufa, a hannun riga da gaba da gwiwar wando, inda yake goge hannu.

Na jirgin nan daban ne. Ranar da ya sa sabuwar riga, fara ce, ni na ɗauko mashi ita daga akwati. Da ya dawo ya cire na ɗauka zan jiƙa, sai zuciyata ta tashi. Na daure na bi ta da hanci kamar mai zaɓen turare. Gabanta babu komai. Hannuwa babu komai. Kafaɗar dama babu. Kafaɗar hagu ce kawai, ta baya, wuri kamar faɗin tafin hannu, sai ya ɗan gangaro ta gaba a karkace. Na koma kwandon wanki na zaro riguna biyun da ya shiga jirgin da su a makon jiya. Duk wuri ɗaya.

Na gaya mashi, ya yi dariya ya ce hancin mata. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, ka san halinsa. Amma in iska ce take shigowa ta taga, me ya sa ta zaɓi kafaɗa ɗaya?

Ban taɓa hana shi aikin nan ba. Ni na ɗinka mashi yadin fukafukan da kekena, na san tsawon kowanne. Ranar da ya yi gudu a fili ina tsaye da su Hussaina, na ga wutsiyar ta tashi, na yi ta salati. Ina so in ga ya tashi, Baba, wataƙila ma na fi shi so. Amma ina so ya sauko.

Na naɗe rigar a leda na ba Bilya tare da takardar nan. Kai yana jin maganarka.

Ɗiyarka,
Lauratu

Dutsin-Ma, 19 ga Satumba

Badamasi,

Salam. Takardu biyu suka zo mani daga gidanka, da riga ɗaya. Kada ka yi mata faɗa. Da a wurin aikinmu take, da na ba ta sifana ta kama gyara.

Albarkar da ka nema ban ba ka ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ka ce a tsaye jami'i zai duba, kuma a tsaye babu wari. Wannan maganar ba taka ba ce, gajiya ce ta faɗe ta, na yafe maka.

Na shimfiɗa rigar a tabarma na zauna ina kallonta tun bayan azahar. Hancina ya tsufa, ban ji komai ba, amma Hajiya ta nuna mani wurin da yatsa. Me yake taɓa kafaɗarka ta hagu, ya gangaro gaba a karkace? Bel ne. Ina aka ɗaure kan bel ɗin? A zanenka da ke wurina, a ginshiƙin hagu. Me yake saukowa ta ginshiƙin hagu?

Duk gwajin da ka yi, jirgin babu kowa ciki. Laifina ne, ban ce ka zauna ba.

Ka sake juye mai, ka sake ɗaura balan-balan. Wannan karon ka shiga ka zauna, ka ja bel yadda kake ja in za ka yi gudu, ka turo ƙirji gaba da ƙarfi, ka yi ta jijjiga. Wani ya tsaya bayanka da kumfa. Ka cire wayar batir tukuna.

Ka rubuto mani ko me ka gani.

Sa'idu

Kurfi, 21 ga Satumba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. 

Jiya da hantsi muka yi. Khalil ya tafi ɗaurin aure garin Kuki, don haka Lauratu ce ta ce za ta riƙe kwanon kumfa. Ta ɗaure hanci da gefen mayafi. Na juye mai, na cire batir, na hura balan-balan, na kwance murfin bayan kujera. Ta shafa kumfa a notin da ke haɗa bututu a ginshiƙin hagu. Babu komai, kamar dai ranar farko.

Na shiga na zauna na ja bel. Na ce, "Kin ga wani abu?"

Ta ce, "A'a."

Na turo ƙirji gaba. Ta matso da ido kusa da notin. Na sake turowa da ƙarfi har bel ya ci mani kafaɗa. Sai na ji ta ce, a hankali, "Baban Hussaina, tsaya haka. Kada ka motsa."

Na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Yana numfashi."

Na saki jiki na waiwaya, ta ce ya daina. Na sake turowa, ta ce ga shi nan, ƙwayaye ƙanana kamar ƙwan kifi suna fitowa ta ƙarƙashin notin. Na ɗaga kai na dubi fuffuke, na ga balan-balan tana yamushewa a kan idona.

Ga yadda abin yake. Ƙarfen da na ɗaure kan bel a jikinsa yana da ɗan lanƙwasa. In babu kowa a kujera, tsakaninsa da bututun akwai tazarar da takarda za ta wuce. In na zauna na ja, sai ya matso ya tura bututun gefe. Turawar ce take buɗe wani tsagu a bakin bututun, can cikin noti inda ido ba ya kaiwa. Mai ya tsatso, bel ya tsotse shi kamar lagwani, ya kawo shi kafaɗata. In na fito tsagun ya rufe bakinsa, zafi ya busar da sauran.

Na kwance notin na fito da bututun rana. Da ido ban ga komai ba. Sai da na ɗauko gilashin nan mai ƙara girma da ka ba ni. Baba, gashin kai ya fi shi kauri. Amma ya zagaye fiye da rabin bakin bututun. Na ce bari in gwada ƙarfinsa, na ɗan danna da babban yatsa, dannawar da ba za ta fasa gyaɗa ba. Sai ya ɓalle ya faɗo a tafin hannuna.

Na zauna a ƙasa. Tankin nan lita arba'in yake ci, yana saman kaina, kuma famfon rufewa yana ƙasa da wurin da ya karye. Da a sama ya ɓalle, babu abin da zan murɗa in tsayar da shi. Duka zai zubo ta bayana, kuma batir yana nan ƙasan kujera, taƙi ɗaya daga wurin. Na daɗe ina kallon ɗan guntun alminiyom ɗin nan a hannuna. Bai kai ƙwayar wake ba. Shekara tara, da ni, da marayun da zan bari, duk a kansa muke rataye ban sani ba. Kuma Allah bai aiko da gargaɗin ta ma'auni ko ta gilashi ba, sai ta kwandon wanki.

Lauratu ba ta ce "na gaya maka" ba. Ta ajiye kwanon ta koma gindin bishiyar bedi ta zauna ta rufe fuska. Ni na je na same ta na ba ta haƙuri.

Na kira jami'in na gaya mashi komai, har da niyyar da na yi ta yin shiru. Ya ce zai zo ƙarshen Oktoba, kuma yana so ya ga guntun da idonsa. Zan sauya wa bututun hanya ya bi nesa da bel, in sa tiyo mai lanƙwasuwa a wurin, in ƙara famfo a sama kusa da tanki inda hannuna zai kai. Ga zanen nan, ka duba ka gyara mani.

Baba, na gode da ka hana ni.

Naka,
Badamasi

Kurfi, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaisuwa, ina gaida Hajiya. Na san Bilya ya riga ni kawo labari, don tun a filin ya tada mota, amma na ce sai ka ji daga hannuna.

Jami'in ya zo ranar Litinin. Awa biyar ya yi. Ya sa na zauna na ja bel yana bayana da kumfa, kamar ya karanta takardarka. Ya ga gyare-gyare biyun da ka yi wa zanena ya tambayi wanda ya yi, na faɗi sunanka. Ya sa hannu. Sharaɗinsa in yi awa arba'in ni kaɗai a kewayen filin kafin in ɗauki kowa ko in yi nisa.

Jiya bayan hantsi ya ɗan ɗaga, iska ta kwanta, na tashi.

Ban san yadda zan gaya maka ba. Ina gudu, tayoyi suna ta ƙara a kan tsakuwa, jikina duk yana karkarwa. Sai ƙarar ta yanke. Ban ja da ƙarfi ba, shi ya ɗaga da kansa. Na ga inuwarsa ta rabu da shi ta koma gefe tana bin gonaki. Na buɗe hanci na shaƙa, na sake shaƙa. Iska ce kawai mai sanyi, da ɗan ƙanshin karan da aka yanke.

Na hau har ƙafa dubu biyu da ɗari biyar. Baba, a garin nan aka haife ni, na zaci na san shi. Duwatsun da muke hawa muna yara muna haki, sai na gan su a zube kamar an watsar da ƙullutun tuwo. Dawa ta nuna, gonaki ja da ruwan ƙasa da kore, kowacce da iyakarta, har na gane ta mahaifina da tsamiyar da ke kusurwarta. Rafi yana lanƙwasa yadda ban taɓa sanin yana yi ba. Wani garken shanu yana gangarawa mashaya, farare tas, kamar an tsinke carbi. Shirwa biyu na gani suna shawagi, kuma a ƙarƙashina suke. Ban taɓa ganin bayan shirwa tana tashi ba. Can kudu na hango dutsen garinku, bayansa kuma wani abu yana ƙyalli kamar faranti. Ina zaton ruwan dam ɗin Zobe ne, amma ba zan rantse ba.

Na yi niyyar in yi addu'o'i da yawa in na kai sama, har na tsara su. Babu wadda ta zo bakina sai Subhanallah. Ita na yi ta maimaitawa. Na ga gari duka, da kasuwa da maƙabarta da gidan da nake fushi da mai shi, tafin hannuna zai rufe su. Sai na ji kunyar abubuwa da yawa.

Minti goma sha takwas na yi. Saukar ba ta yi kyau ba, na yi tsalle biyu, kada Bilya ya gaya maka wani abu daban. Na kashe inji na kwance bel. Mutane suka kewaye jirgin, amma babu mai ihu. Wani dattijo Bafulatani ya matso ya ɗora tafin hannunsa a kan fuffuke, ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko daga can ana ganin inda ruwan sama yake fitowa. Na ce ban kai can ba, Baffa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, a bar wa Mai shi."

Lauratu ta ce in rubuta maka cewa ba ta rufe ido ba ko sau ɗaya, wai ita ce ta fara hango ni lokacin da na juyo. Hussaina kuwa tana can tana gaya wa ƴan ajinsu jirgin na kakanta ne.

Abin da ya rage mani a rai shi ne ba ka wurin. Allah ya ba ka lafiyar ƙafar nan. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Naka,
Badamasi

Dutsin-Ma, 4 ga Nuwamba

Badamasi,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta, na ninke, na sake buɗewa.

Bayan awa biyar ka kwance murfin baya ka sake bin mahaɗan nan da kumfa. Bayan awa goma ka sake. Tsalle biyu ba komai ba ne, ka rage gudu kaɗan kafin ka taɓa ƙasa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaure notin jirage. Na tura ɗaruruwa sama ina tsaye da tsumma a hannu. Ban taɓa zama kusa da matuƙi na ga abin da yake gani ba. Ba a taɓa cewa in zo ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Jiya na sa aka kai ni wurin masu awon hatsi na hau sikeli. Kilo hamsin da tara ne, har da sandata. Ka sa a lissafin nauyinka. Ka cika awa arba'in ɗinka, kada ka rage ko minti ɗaya saboda ni, zan jira.

Hajiya ba ta sani ba tukuna. Ka bar mani wannan.

A gaida Lauratu da kyau. Allah shi kiyaye hanya, ta ƙasa da ta sama.

Sa'idu